Gwajin ciwon hanta nau'in C: ELISA za ka saya ko tsinke?

Duk mai shirin buɗe ɗakin gwaji sai ya yi mini wannan tambaya, amsata kuwa ba ta canzawa: in kana da firij da sola, sayi ELISA, wato gwajin da ake yi a kan faranti mai ramuka, na'ura ta karanta sakamakon. Tsinke kuwa shi ne ɗan kayan gwajin gaggawa da ake ɗiga wa jini a duba layi.

Abin da ake nema a ruwan jini shi ne antibodi, wato makamin da garkuwar jiki ta ƙera don yaƙar ƙwayar cutar. Kowane antibodi akwai gurbin da yake kamawa a jikin ƙwayar, don haka ingancin kayan gwaji ya dogara da sassan ƙwayar da aka shafa a farantin. ELISA na farko, bayan gano ƙwayar a 1989, sashe ɗaya kawai ya ɗauka daga NS4, ɗaya daga cikin furotin ɗin ƙwayar, masu cutar da dama suka riƙa zillewa. Samfuri na uku ya haɗa sassa huɗu na ƙwayar: core da NS3 da NS4 da NS5. Buɗe takardar cikin kwali ka duba. In ba a rubuta sassan ba, mayar wa mai shi. Farantin ramuka 96 ne, na'ura ke karantawa da haske mai zangon 450nm ta ba ka lamba, ba ka tsaya kana kanne ido kana neman layi ba. Sharaɗinsa a ajiye kayan cikin sanyi, digiri 2 zuwa 8.

Injin CLIA, mai auna hasken da sinadaran gwaji ke fitarwa, sai manyan asibitoci. Tsinke kuma na fita ƙauye ne.

Tsinken ne ma ya taɓa ƙona ni. Wani dillali ya kawo katan da araha, na ce garaɓasa. Layin kwantrol, wanda ya kamata ya fito ko akwai cutar ko babu, yana fitowa tsaf, amma jinin da na tabbatar akwai cutar ya nuna babu. Da na kankare sitika, sai ga tsohuwar ranar ƙarewar aiki a ƙasa. Layin kwantrol shaida ce kawai cewa ruwa ya gudana, ba ya nuna kayan na da rai. Galibin tsinke digiri 30 ne iyakarsa, shagunanmu kuwa a watan Afrilu sun zarce haka nesa ba kusa ba. Nemi rajistar NAFDAC ko MLSCN (hukumar kula da ɗakunan gwajin lafiya ta Najeriya), gwama lambar kwali da ta kowane ƙunshi, ka gwada jinin da ka riga ka san sakamakonsa kafin ka biya. Dillalin da ya ce "Oga, ka yarda da ni" ya hana ka gwadawa, sallame shi.

Ko ELISA ya nuna akwai, tura mutum gwajin PCR mai neman ƙwayar kanta, don jikin wasu kan kawar da ƙwayar amma antibodin ya zauna.