GARGAƊI: masu toshe tiyon numfashin tanki da sunan tsimin mai

Jama'a don Allah duk mai mota ya karanta wannan, ni dai an ci kuɗina kuma saura kaɗan a kashe min mota gaba ɗaya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa neman dabara yake, to akwai wasu samari da ke yawo gareji gareji da bakin gidajen mai suna cewa wai rabin fetur ɗinka iska ce ke shanye shi ta tiyon numfashin tanki, su za su gyara. Ɗaya ya tare ni ina layi, baki kamar zuma, "Alhaji wallahi lita goma sai ta yi maka aikin sha biyar", ni kuma da ba Alhajin ba na biye masa na ba da dubu 25.

Abin da ya yi kawai, ya canza murfin tanki, ya yanke siririn tiyon nan ya cusa noti a ciki ya naɗe da salatif, sannan ya kwance wani baƙin akwatin roba ya ce datti ne ke ciki, ya jefa a buhunsa. Ashe kanista ce, gawayi ne a cikinta da ke kama tururin fetur, in mota ta tashi inji ya zuƙe shi ya ƙona, wato dama can ba asarar ake yi ba, kuma sayar da ita zai je ya yi.

Kwana uku fitilar cek inji ta kama, in na je shan mai kuma famfon gidan mai sai ya yi ta katsewa kamar tanki ya cika. Ranar da na kama hanyar Zariya ina wuce Kwanar Ɗangora mota ta fara fizga tana shaƙewa, can ta mutu. Ina buɗe murfi sai ji na yi fuuuu ta zuƙi iska, da bakanike ya leƙa ƙasa tankin ya loɓa ciki kamar gwangwanin lemo da aka taka. Ya ce min "Yallaɓai famfon motarka yana jan mai daga tanki, iska ba ta shiga ta maye gurbi, me kake so ya faru?" Famfon ma ya ƙone, sai sabo. Ya ce in da a rana ta daɗe a ajiye, tururi ne zai taru ya feso min fetur ina buɗewa, ga masu shayi da wuta a gefen titi, Allah dai ya kiyaye.

Lambar yaron tun ranar a kashe take. In an riga an taɓa taku ku je a cire notin nan yau, a mayar da tiyo da kanista da murfin asali, kuma in kuna jin warin fetur kar ku tayar da ita a cikin gida. A tura wa ƴan uwa musamman masu haya, su ya fi bi.