Sharhi: Orbit Yard Enforcer da ɓarnar rakun a sabuwar ciyawa

A Amurka da Kanada ana sayar da ciyawar tsakar gida a naɗe kamar darduma, da ƙasarta, a zo a shimfiɗa. Kafin ta kama ƙasa takan ɗauki mako biyu zuwa uku, kuma a wannan tsakanin ne rakun ke ta'adi. Dabba ce mai yawon dare, mai baƙi-baƙi a kewayen ido, yatsunta biyar kamar na mutum. Gefen shimfiɗar take kamawa ta naɗe ta, tana neman gwazarma da tana. Da hantsi rana ta busar da saiwar.

Na yi amfani da Orbit Yard Enforcer a kan wannan matsala. Na'urar fesa ruwa ce a kan turke: a kafa ta, a haɗa mata mesa daga famfo, a saka batir AA guda 4. Idonta yana jin motsi da ɗumin jiki har kusan ƙafa 40, sai ta ɓarke da feshi da ƙara. Akwai maɓallin rana, na dare, da na kullum. Na dare ake so, in ba haka ba mai kawo wasiƙa ne zai jiƙe.

Tana aiki, amma sai an iya kafa ta. Rakun gajere ne, in idon ya kalli sama zai wuce ta ƙasa ba ta sani ba. A sunkuyar da idon, a fuskantar da shi inda dabbar ke shigowa, yawanci gindin katanga ko bishiya. A riƙa sauya mata wuri duk kwana uku ko huɗu, domin rakun yana da wayo, da ya gane iyakar feshin sai ya zagaya. Abin da ya fi damuna shi ne famfo a buɗe yake kwana. Mahaɗar mesar da ba ta ɗauru ba za ta yi ta yoyo ƙasa ta yi laushi, tanar da ke cikin ƙasar ta taso, an kira ɓarawo da hannu ke nan. Sabuwar robar mahaɗa da mesa mai kauri suna magance wannan. Kafin sanyi ya kai ga ƙanƙara a cire na'urar a tsiyaye, in ba haka ba bawul ɗinta, wato makunnin ruwanta, ya tsage.

Ita kaɗai ba ta isa ba a makon farko. A shimfiɗa ragar roba ko wayar kejin kaji a kan ciyawar, a danne da ƙusoshin waya masu baki biyu, na inci 6, musamman a gefuna da kusurwoyi. A ɗauke ragar kafin ciyawa ta sarƙe ta. Ban ruwa da safe, ba da yamma ba. Inda aka naɗe kuwa a mayar tun da asuba, a taka, a jiƙa. Galibi yana kamawa.