Cape Coast ko Volta? Amsa ga Alhajin da ke son teku da dutse a mako guda

Alhaji, barka da ƙoƙari. Na ga tambayarka: mako guda kake da shi, motarka ce za ka tuƙa daga Akara, da uwargida da yara uku da Hajiya mahaifiyarka wadda gwiwa ke damu. Kana son kwanan tanti, kana son yara su ga teku su kuma hau dutse, amma ba hawan da zai sa a dawo ana shafa man zafi ba. Ka ce an raba maka hankali, wasu sun ce ka yi yamma wajen Cape Coast, wasu sun ce gabas wajen Volta.

Amsata ita ce ka yi gabas. Amma yamma tana da abin da gabas ba ta da shi, don haka bari in jera maka su ka gani da idonka.

A fara da teku, tunda nan ne yamma ta yi zarra. Daga Akara zuwa Cape Coast kusan kilomita 150 ne, ta Kasoa da mararrabar Winneba da Mankessim. Daga can in ka miƙa ka wuce Takoradi, sai Busua da Dixcove, sai Cape Three Points, wato ƙarshen ƙasar Gana ta kudu, inda hasumiyar fitilar jiragen ruwa take. Yashin Busua shimfiɗaɗɗe ne, bakin ruwan bai faɗa zurfi nan take ba, shi ya sa ake lissafa shi cikin wuraren da suka fi sauƙin shiga a gaɓar Gana. Ga kuma tarihi. Gidan bayi na Elmina Turawan Fotugal suka gina shi a 1482, shi da na Cape Coast suna cikin wuraren da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya tun 1979. Yaron da ya shiga ɗakunan ƙasa inda aka tsare mutane kafin a loda su a jirgi ba zai sake karanta cinikin bayi a littafi kamar labarin wasu ba. Ni a ganina duk ɗan Gana ya kamata ya kai 'ya'yansa can, ko ba a wannan tafiyar ba.

Tekun gabas wani iri ne. Ada Foah tana wajen kilomita 100 daga Akara: ka bi ta Tema, ka kama hanyar Aflao, ka karya dama a Kasseh. A nan kogin Volta yake shiga teku, kuma akwai wani siririn yashi da za ka tsaya a kai, teku na rugugi a hannu ɗaya, kogi na kwance lumui a ɗaya hannun. Ga mai yara da tsohuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Hajiya za ta samu inuwa ta zauna a gefen kogi, iska na kaɗa ta, ba tare da hankalinta ya tashi duk lokacin da jikanta ya matsa kusa da ruwa ba. Gefen tekun kuwa na kallo ne da tattaki kawai. Igiyar ruwan wannan gaɓa tana ja ta ƙasa, tana kwashe ƙafar babba ma balle yaro, kuma ba ko'ina ake da masu ceto ba. Wannan gargaɗin ya shafi yamma da gabas duka, har Busua ɗin da na yaba. Shi ma kogin ban ce a saki yara su yini a ciki ba, domin ruwan Volta an san shi da tsargiya, musamman inda ya kwanta da ciyayi. A shiga kwalekwale da rigar kariya daga nutsewa a zaga tsibirai, a ga masu haƙo kifin kwanso, a dawo. In tafiyar ta faɗa tsakanin Nuwamba da Fabrairu, ka tambayi ofishin kula da namun daji na Ada Foah, suna fita da baƙi da dare ganin kunkurun teku sun fito yin ƙwai a yashi. Tattaki ne a fili, babu hawa babu gangara.

To, sai dutse, kuma nan ne maganar ta rabu. Yamma ba ta da dutse. Akwai tuddai, akwai kurmi, amma abin da za ka kira dutse ka hau ka hango ƙasa a shimfiɗe, babu. Abin da ake ba ka a madadinsa shi ne Kakum, wajen kilomita 30 arewa da Cape Coast, inda aka ɗaura gadojin igiya guda bakwai a saman bishiyoyi tun 1995, tsawonsu gaba ɗaya ya haura mita 300, tsakaninka da ƙasa kuma wajen mita 30 ko fiye. Yara manya za su so shi ƙwarai. Amma kafin a kai bakin gadar sai an hau matakala mai tsayi cikin zafin kurmi, gadar kuma faɗin katako ɗaya ce, tana lilo, wanda ya shiga kuma sai ya ci gaba. Hajiya ba za ta hau ba, ƙaramin cikin yaranka ma ina shakka. Ka ga an biya kuɗin mota da na shiga, rabin iyali na zaune a ƙasa suna jira.

Gabas kuwa, kana barin Ada ka haye gadar Sogakope, ka bi ta Adidome ka shiga Ho, dutse ya fara tare maka gaba. Daga Ho a hau zuwa Vane, a ƙarasa Amedzofe, garin da ya fi kowane gari bisa a Gana. Daɗin Amedzofe shi ne mota ce ke yin hawan, ba ƙafa ba. Kana fitowa daga mota ka riga ka kai sama, sanyi ya buge ka, gajimare wani lokacin a ƙasanka yake. Daga tsakiyar gari zuwa kan dutsen Gemi, inda ƙaton kuros ɗin ƙarfe na zamanin 'yan mishan ɗin Jamus yake, tafiyar kusan rabin awa ce, kuma in sama ta washe ana hango tafkin Volta. Hajiya ko ba ta taka ko'ina ba, daga bakin tanti ta ga abin da aka zo gani. Magangarar ruwan Ote da ke ƙasan garin ita ce zan ce a bar wa masu ƙarfi, saukarta da tsayi, dawowarta ta fi.

Daga nan sai Hohoe, sai Wli mai magangarar ruwa ta ƙasa da ta sama, kimanin kilomita 20 gaba, dab da iyakar Togo. In za a tambaye ni tattaki ɗaya a duk Gana da ya dace da abin da ka kwatanta, shi zan nuna. Daga ofishin baƙi zuwa magangarar ƙasa tafiyar minti 45 ce a kan hanya kwance, cikin inuwa, ana ta tsallaka rafin Agumatsa a kan ƙananan gadoji, ana ratsa gonakin koko. Ɗan jagora zai tsinko ɗan koko ya fasa, yara su tsotsi farin naman da ke jikin ƙwayar, mai zaƙi da ɗan tsami, su sha mamakin wai daga nan cakulan yake fitowa. Tun kafin ka ga ruwan za ka ji ƙararsa, sannan feshinsa ya fara jiƙa maka riga. In ka ɗaga kai, jikin dutsen baƙi ƙirin yake da jemagu dubbai a rataye. Ita ce magangarar ruwa mafi tsayi a ƙasar. Hajiya da sandarta, in ana tsayawa ana hutawa, za ta iya kaiwa. In ta gaji a rabi, a shimfiɗa mata darduma a bakin rafi, ba ta yi asara ba.

Abu biyu za a kwaɗaita maka a wannan yankin, ka ce a'a. Na farko magangarar sama ta Wli, hawan awoyi ne a tsaye, wani wurin har da kama saiwa. Na biyu Afadjato, wanda aka fi sani da dutse mafi tsayi a Gana, daga ƙauyen Liati Wote. Ba shi da nisa, amma a miƙe yake tun daga gindi, kuma saukowarsa ce ke cin gwiwa. In babban ɗanka ya nace, ku je ku biyu da asuba, sauran iyali su bi hanyar magangarar Tagbo daga wannan ƙauyen, wadda ita ma mai sauƙi ce. Akwai kuma Tafi Atome a kan hanya, inda birai ke saukowa su karɓi ayaba a hannu; awa guda ta isa.

Maganar tanti. A duk ɓangarorin biyu, kada ka kafa tanti a buɗaɗɗen bakin teku inda babu kowa, ko da ya fi kyau a hoto. Ka nemi masauki mai fili da maigadi da banɗaki da ruwa, ka biya kuɗin filin, ka kafa naka. Irin waɗannan suna nan a Busua da Ada da Wli da kewayen Amedzofe, sai dai ka buga waya tun kana gida ka tabbatar sun yarda da tanti. Amfanin haka ga iyalinka biyu ne: uwargida da Hajiya sun samu sutura wajen wanka da alwala, kuma in dare ya yi wa Hajiya tsauri a ƙasa, ɗaki na nan kusa a kama mata. Ni da zan ba da shawara ma, a kama mata ɗakin tun farko, ku da yara ku yi tantin a ƙofarta.

A yashi turakun tanti ba sa kamawa. Ka tafi da buhunan shinkafa marasa komai guda huɗu, ka cika su da yashi, ka ɗaure igiyoyin a jikinsu ka binne. Ka dubi inda tarkacen da teku ya watso ya tsaya, nan ne iyakar cikarsa, ka ja baya sosai daga nan. Kada kuma inuwar kwakwa ta ruɗe ka, ɗanta in ya faɗo da dare ba ya sallama. A dutse matsalar ta juya: raɓa da sanyi. Amedzofe da asuba sai da bargo da rigar sanyi, tabarma kaɗai ba ta isa ba, a sa katifar soso a kai. Gidan sauro ko maganin shafawa kuwa ko'ina dole ne.

Ruwan sama ma yana goyon bayan gabas. Kusurwar Axim, can yamma, ce ta fi ko'ina ruwa a Gana, sama da milimita 2,000 a shekara, alhali gaɓar Akara zuwa Ada ba ta kai rabin haka ba. Babbar damina a kudu daga Afrilu ne zuwa Yuli, ƙarama kuma Satumba zuwa Oktoba. Bayan Disamba ta yi nisa hazon hunturu yana rufe duwatsu, ka hau Gemi ka ga fari fat. Saboda haka Nuwamba zuwa farkon Disamba ya fi: ruwa ya ɗauke, magangara na cike, sama a washe, kunkuru sun fara fitowa.

Abinci da salla ba za su ba ka wahala ba ta kowace hanya, tunda akwai zango da masallaci a Cape Coast da Takoradi, akwai a Ho da Hohoe. Bambancin yana ƙauye. A bakin teku kifi ya raba gardama, sai dai a ƙasar Fante masunta ba sa fita ranar Talata, ka sayi naka tun Litinin. A ƙauyukan dutse kuwa naman daji da na alade suna yawa a tukunya, don haka ka sayi nama wurin mahautan zango a Ho ko Hohoe, ka zuba a kula da ƙanƙara, uwargida ta riƙe risho ko ƙaramar tukunyar gas. Gari da ƙuli-ƙuli da shito, wato soyayyen yajin Gana, ba sa lalacewa a mota. In za ka iya, ka daidaita Juma'a ta same ka a Hohoe.

Hanya: yamma layi ɗaya ce, yadda ka je haka za ka dawo, kuma cunkoson Kasoa na jiranka sau biyu. Reshen da ya shiga Cape Three Points ma ba na ƙaramar mota ba ne in an yi ruwa. Gabas zagaye ce, hanyar da za ka maimaita kaɗan ce. Kwana biyu a Ada, biyu a Amedzofe, biyu a Wli, ranar bakwai ka gangaro ta Kpeve da Asikuma ka haye gadar Adomi da aka buɗe a 1957, ka leƙa madatsar ruwan Akosombo in da lokaci, ka shigo ta Tema. Keta da kufan ganuwar Prinzenstein ta 1784 da teku ya cinye rabinta suna da kyau, amma ratse ne, mako guda ba zai ɗauka ba.

Abin da gabas za ta nema a wurinka shi ne lafiyar mota. Hawan Vane zuwa Amedzofe siriri ne mai kwana-kwana. Kafin ka tashi makaniki ya duba birki da lagireto da kuloc, safaya ta kasance da iska, jak yana aiki. A gangara ka sa ƙaramar giya, kada ka kwanta a kan birki har ya yi zafi. Ka sha mai a Ho da Hohoe, ka riƙe tsabar sidi domin ba kowane ƙauye MoMo, wato biyan kuɗi ta waya, ke tafiya ba in sabis ya ɗauke, lasin da inshora su zauna a kusa saboda shingayen hanya, musamman da kake dab da iyaka. Lambar gaggawa 112 ce. Kowace rana ka lissafa tafiyarka yadda za ka isa masauki kafin la'asar, domin kafa tanti da tocila a baki, yara na kukan yunwa, shi ke sa iyali su ce ba za su sake ba.

Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. A gaishe da Hajiya, a ce mata ta taho da sandarta da takalmi mai rufi, silifas yana santsi a kan gadojin Wli.