Wanne ƙamus zan saya don adon magana da karin magana?

Ni dai gwajina ɗaya ne in na shiga shagon littafai, kafin in tambayi kuɗi sai in buɗe wajen kalmar "ci". In ƙamus ya tsaya a cin tuwo kawai, bai kawo cin amana, cin fuska, cin kasuwa, cin mutunci ba, to ajiye shi malam, ba zai maka aiki ba.

Na Bargery shi ne kakan kowa, 1934 ya fito, kalmomi wajen 39,000, kuma yana gaya maka wannan Sakkwatanci ne wannan Katsinanci ne, irin kalmomin da sai a bakin kakarka za ka ji su. Matsalarsa dai bayanin da Turanci ne, ga nauyi kamar bulo, kuma kar ka je neman kalmomin zamani irin su kwamfuta a ciki. Yana intanet kyauta ma, to in ba tara littafai kake ba ka riƙe kuɗinka.

Na Abraham, 1949, wanda ya yi da Malam Mai Kano, wallahi a wajen salon magana ni na fi son shi, don ba ma'ana kaɗai yake bayarwa ba, jimloli yake jerowa ɗaya bayan ɗaya da karin magana a tsakiya har ka ga yadda kalmar ke juyawa a bakin mutane. Amma rubutun ya cushe, ga alamomin karin sauti (hawa da saukar murya) ko'ina, sai ka yi haƙuri kafin idonka ya saba. Samunsa ma aiki ne.

In ɗalibi ne kai ko marubuci, Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, 2006, shi zan ce ka fara saya, don Hausa ce ke fassara Hausa, ba sai ka bi ta Turanci ka dawo ba. Akwai kuma Ƙamus na Adon Maganar Hausa na Dikko da Macciɗo, 1991, ɗan ƙarami ne amma aikinsa kenan kacokan.

Mai aikin fassara kuwa na Paul Newman na 2007 ya fi masa, a tsare yake, ba cunkoso.

Manhajar fassara ta waya fa? A jumlar yau da kullum tana ƙoƙari, amma in ka ba ta irin su "farin jini" ko "ɗaurin gindi" su kaɗai, kar ka yarda sai ka tambayi babba.

Sai a kula da na jabu. Na taɓa sayen wani mai arha, fotokwafi ne ashe aka ɗinke, sai da na je gida na ga daga "k" ya yi tsalle zuwa "m", duk kalmomin "ƙ" da "l" babu su. Ka duba ɓ, ɗ, ƙ sun fito da lanƙwasarsu, ka bi lambobin shafi tun a gaban mai shago.