Biyan bashin ɗan Ayalan da ya yi ƙaura: wace hanya za ka bi?

Bayan durƙushewar tattalin arziki a 2008, 'yan Ayalan da yawa sun watsu zuwa Ostireliya, Kanada, Birtaniya da Amurka, wasu ba su rufe lissafinsu da abokan kasuwanci ba. In akwai kuɗin irin wannan mutum a hannunka, kafin ka nemi mai arhar aikawa ku tsayar da abu uku a rubuce: nawa ne ragowar, da wane kuɗi za a biya, wa zai ɗauki cajin hanya. An ci bashi da yuro, an biya da dalar Ostireliya, canji ya motsa, sai kowa ya ga an ƙware shi. Yawancin rigima daga nan take tashi.

In har yana da asusun yuro mai rai, kai ma kana iya turawa daga cikin Turai, hanyar SEPA, wato tsarin tura yuro tsakanin bankunan Turai, ta fi kowace. Kuɗi na isa washegarin ranar aiki, nau'in gaggawa kuma cikin daƙiƙa 10, babu bankin tsakiyar hanya da zai gutsura. Lambar IBAN, wato lambar asusu ta ƙasa da ƙasa, ta Jamhuriyar Ayalan tana farawa da IE, haruffa da lambobi 22. In ka ga GB, asusun Birtaniya ne, har da Arewacin Ayalan, inda fam ake kashewa, ke nan za a iya canza kuɗin a wajen shiga. Babban tarko shi ne tsohon asusu. Bankunan Ulster Bank da KBC sun rufe harkarsu a Jamhuriyar a 2023, saboda haka lambar da ke kan tsohuwar takardar kaya mai yiwuwa ta mutu. Ka nemi sabuwa, ka tabbatar da ita ta waya, da muryarsa, a lambar da ka daɗe da sani. 'Yan damfara kan shiga imel ɗin mutum su aiko da "sabon asusu", kuma abin da ya tafi da wuya ya dawo.

In asusunsa a Ostireliya ko Amurka yake, babu IBAN. Ostireliya tana amfani da BSB, lambar reshen banki mai lamba 6, Amurka da lambar banki mai 9, sai a bi ta SWIFT, hanyar aika kuɗi tsakanin bankunan ƙasashe. Yakan ɗauki 'yan kwanaki, bankunan da kuɗin ke ratsawa kuma suna cirar nasu. A takardar aikawa akwai zaɓi uku: OUR (mai aikawa ya biya caji), SHA (a raba cajin), BEN (mai karɓa ya biya). Mai biyan bashi ya zaɓi OUR, wato shi zai ɗauki cajin. In ka zaɓi SHA, kuɗin zai isa da giɓi, bashin bai fita ba ke nan.

Kamfanonin aika kuɗi ta intanet irin su Wise sukan fi banki kyawun canji, kuma kana ganin abin da zai isa hannunsa tun kafin ka danna. Sai dai in kuɗin ya yi nauyi za su iya dakatar da shi su nemi shaidar inda ya fito, don haka ka ajiye takardun cinikin a kusa. Western Union na ƙaramin kuɗi ne da gaggawa.

Ba wa matafiyi tsaba ya kai? Ba ma ba da wannan shawara. Yuro 10,000 zuwa sama dole a bayyana wa kwastan a shiga ko fita Tarayyar Turai, kuma in aka musanta karɓa ba ka da abin nunawa.

Inda akwai saɓani kan adadi, ko kuɗin na raba jari ne, a biya ta asusun lauya. Akwai tsada, amma takardar sulhu da kuɗin tare suke tafiya. A san kuma dokar Ayalan ta 1957: bashin ciniki yana da shekara 6 a kai shi kotu, amma amsa bashin a rubuce da sa hannu, ko biyan wani ɓangare, yana sa ƙidayar ta koma farko. Wa'adin kotu ne kawai wannan, haƙƙin mutum yana nan a wuyanka.

Kowace hanya ka bi, ka rubuta lambar takardar cinikin a gurbin bayani. Da kuɗi ya shiga, ya aiko maka da rasit mai kwanan wata da sa hannu, mai faɗin adadin da ya karɓa, da cewa ba ya binka komai kan wannan lissafi.