Duolingo ko sauraro da maimaitawa: wanne ya fi buɗe baki da Italiyanci?

'Yar'uwa, kin ce kina jiran biza ki bi maigida Brescia, wani birni a Italiya, kina da 'yan watanni a hannu, kuma ko kalma ɗaya ta Italiyanci ba ki sani ba. Kina tambaya ko ki duƙufa kan Duolingo, manhajar koyon harsuna ta waya, ko kuwa ki riƙa sauraron masu harshen kina maimaita abin da suka faɗa. Idan ɗaya za ki ɗauka, ki ɗauki na biyun. Ga dalilaina.

Duolingo yana da amfaninsa. Kyauta ake fara shi, yana tuna miki kullum, kuma yana cusa miki kalmomi da tsarin jimla a hankali: za ki gane cewa kowane suna ko namiji ne ko mace, abin da ba baƙo ba ne ga Bahaushe, kuma za ki ga yadda aikatau ke canza ƙarshensa, parlo ina magana, parli kina magana, parla yana ko tana magana. Sai dai babu darasin Italiyanci ta hanyar Hausa a cikinsa, dole ki bi ta wani harshe kamar Turanci ko Faransanci. Kuma yawancin aikin na ido da yatsa ne. Muryar da ke cikin manhajar tana furta komai a fili, tana jiranki, kina iya rage mata sauri. Matar da ke zaune a teburin karɓar marasa lafiya ba za ta jira ki ba. Za ta ɗago kai ta ce "Mi dica", wato faɗa mini, kafin ki haɗa amsa ta ƙara da "Ha un appuntamento?", kina da alkawarin ganin likita? Wanda ya koya da yatsa a nan yake tsayawa cak, alhali ya san kowace kalma in an rubuta masa ita.

Sauraro da maimaitawa ya fi wahala a makonnin farko, don ba ya ba ki maki ko tafi. Amma shi ne yake amfani da jarin da kike da shi. Italiyanci harshe ne da yake bambanta baƙi ɗaya da baƙi mai shadda, kamar yadda muke bambanta daba da dabba. Sete ƙishirwa ce, sette bakwai. Nono na tara ne, nonno kaka namiji. Masu Turanci suna shan fama da wannan shekara da shekaru, ke kuwa kunnenki ya saba tun kina goye. Haka r ɗinsu mai kaɗawa, muna da irinta. Harafin c kafin e ko i daidai yake da namu na "ci", shi ya sa ciao ba zai ba ki wahala ba. In kin ga ch, k ce.

Inda za ki yi gumi shi ne p da f, sai v da b, domin Hausa ba ta raba su. Pino itace ne, fino kuwa "har zuwa". Bene lafiya lau, vene jijiyoyin jini. Manhaja takan wuce da ke ko da kin murguɗa furucin, mutum kuwa zai tsayar da ke. Ki haɗe leɓɓa gam ki saki iska don p, ki ɗora haƙoran sama kan leɓen ƙasa don f da v, ki yi a gaban madubi har bakin ya saba.

Yadda ake yinsa: ki nemo ɗan guntun bidiyo na minti ɗaya ko biyu. Tashar Easy Italian a YouTube tana tare mutane a titi tana yi musu tambayoyi, da rubutu a ƙasa, saboda haka Italiyancin kasuwa ne da saurinsa. Ki saurara sau biyu ba tare da duba rubutun ba, ki duba, sannan ki riƙa tsayarwa jimla jimla kina faɗa da ƙarfi, kina kwaikwayon hawa da saukar murya. Ki naɗi kanki ki tura wa maigida ta WhatsApp, shi ma ya riƙa turo miki saƙon murya da Italiyanci. Jimloli uku ki haddace kafin komai: "Non ho capito", ban gane ba, "Può ripetere, per favore?", ko za a maimaita, "Più piano", a rage sauri. Ki kuma fara da Lei, wato "kai" ko "ke" na girmamawa, ga likita da ma'aikaci da duk wanda ba ki saba da shi ba, tu ta gida ce da ta yara. (In kin isa kika ji tsofaffin Brescia suna wata magana da ba ta yi kama da abin da kika koya ba, kada hankalinki ya tashi, yaren garinsu ne.)

Akwai wani dalili na takardu. Tun 2012, baƙon da ya kai shekara 16 ya shiga Italiya karon farko da izinin zama na shekara ɗaya ko fiye yana sa hannu kan yarjejeniyar cewa zai kai matakin A2 a magana, wato mataki na biyu daga ƙasa a ma'aunin iya harshe, cikin shekara biyu. A2 ɗin ake nema wajen izinin zama na dogon lokaci, sannan tun ƙarshen 2018 B1, matakin da ke gaba da A2, ake nema ga mai son zama ɗan ƙasa. Makin Duolingo ba ya shiga wannan lissafi ko kaɗan.

Saboda haka ki bar wa manhaja minti goma a rana don kalmomi, ki ba kunne da baki sauran lokacin. Kafin ki taso, maigida ya je CPIA mafi kusa da ku, makarantar gwamnati ce ta manya, ya tambayi lokacin rajista. Kwas ɗinsu na A1 da A2 awa 200 ne, kuɗin da ake biya ɗan kaɗan ne, kuma takardar A2 da suke bayarwa tana wadatarwa a matsayin shaidar iya harshe wajen neman izinin dogon zama. Kafin su sa ki aji za su zauna da ke su yi miki 'yan tambayoyi don su ga matakinki, sunanki, daga ina kike, yaushe kika zo. Ki shirya waɗannan amsoshin tun daga gida.