Tabarau ƙirar hannu: asitet, titaniyom ko ƙaho?

In ka ga an rubuta "ƙirar hannu" a cikin hannun tabarau, kada ka ɗauka wani ne ya zauna da wuƙa ya sassaƙo shi. Inji ke yanka firam. Hannun mutum na shigowa ne wajen goge baki, dasa mahaɗi (ƙarfen da ke haɗa hannun tabarau da firam), lanƙwasa da daidaitawa. Nan kuwa kuɗin yake tafiya, don haka nan ya kamata mai saye ya sa ido.

Wurare biyu ne suka fi suna a wannan sana'a. A Fukui ta Japan, Masunaga Gozaemon ya fara ta a 1905, ya ɗauko gwanaye daga Osaka domin manoma su samu abin yi lokacin da dusar ƙanƙara ta hana noma. Yau yankin, musamman garin Sabae, shi ke ƙera fiye da kashi 90 cikin 100 na firam ɗin Japan, kuma a can aka fara fitar da firam na ƙarfen titaniyom a farkon shekarun 1980. A Italiya kuwa, kwarin Cadore ne, inda aka buɗe masana'anta ta farko a 1878.

Asitet, wani nau'in roba, shi ne abin da mafi yawan masu saye za su ci karo da shi. Daga auduga ko niƙaƙƙen itace ake samo shi, ana yin sa faifai-faifai, kuma kamfanin Mazzucchelli na Italiya, wanda aka kafa a 1849, na cikin manyan masu samar da shi. Launinsa ya ratsa har ciki, ba fenti ba ne, shi ya sa in ya karce ana iya goge shi ya dawo sabo. Bayan yanka, ana zuba firam cikin ganga mai juyawa tare da guntayen itace da man goga na tsawon kwanaki. Shafa yatsa a gefen firam: in ka ji siririn layi kamar na bokitin roba, narkakkiyar roba ce aka zuba a mazubi, ko da sunan wa aka manna mata. Ɗaga hannun tabarau zuwa haske, ya kamata ka hango waya a ciki. Ita ke riƙe lanƙwasar bayan kunne.

Sai mahaɗi, inda tabarau ya fi mutuwa. Akwai wanda aka dasa da ƙusoshi da suka huda firam har kawunansu suka fito ta gaba, akwai wanda aka dumama aka nutsa cikin asitet. Na ƙusa ya fi, domin in ya saki ana sake buga shi. Amma a kula, wasu ɗigo biyun da ake gani a gaba ado ne kawai. Juya ciki ka ga ko sun yi daidai da mahaɗin. Ƙirga haƙoransa kuma: biyar ko bakwai sun fi uku jure buɗewa da rufewa.

Laifin asitet zafi ne da gumi. Bar shi a gaban mota cikin rana ya karkace, gilashin ya soma rawa. Gumi da turare suna sa bayan kunne ya yi fari-fari, ya bushe.

Titaniyom ba ya tsatsa, ba nauyi, kuma mai yawan gumi ko wanda fatarsa ba ta shiri da nikel zai fi jin daɗinsa, muddin tsantsa ne ba gauraye ba. Lindberg na ƙasar Denmak ma yana yin nasa ba tare da noti ko ɗaya ba. Matsalar ita ce in ya karye, mai gyaran kasuwa ba zai iya like shi da dalma ba, sai walda ta musamman.

Ƙahon ɓauna ya fi su kyau da tsada, babu biyu masu zane iri ɗaya. Sai dai a ra'ayinmu shi ne na ƙarshe ga mai zama inda hunturu ke busar da komai. Ƙaho na tsagewa in ya rasa laima, yana son shafa mai a kai a kai, kuma ba kowane mai saka gilashi ke iya taɓa shi ba.

Kafin ka biya, karanta lambobin da ke cikin hannun, misali 48, 21, 145: faɗin gilashi, tazarar kan hanci, tsawon hannu, duk a milimita. Ta tsakiyar ta fi muhimmanci a asitet, tunda mazaunin hancinsa a jikin firam yake, ba a matsar da shi kamar na ƙarfe. Sa shi, sunkuyar da kai kamar mai ruku'u, ka ɗan girgiza. In ya zamo, nemi wani awon.